Lambar Kabarin Malam Shekari

Abu ɗaya Malam Shekari ya roƙi 'yarsa Rhoda kafin ya rasu, kuma duk wanda ya ji abin sai ya girgiza kai ya ce ciwo ne ya taɓa tsohon. Cewa ya yi, ranar da za a yi wa kabarinsa siminti, kada a rubuta shekarar haihuwarsa, kada a rubuta ta mutuwarsa. A sa sunansa, a ƙarƙashin sunan kuma a sa lamba guda ɗaya tak, 2147483647, a jere yadda take. Rhoda ta ce to. Ta faɗa ne tana gyara masa matashi, yadda ake ce wa marar lafiya to, amma da aka binne shi a maƙabartar cocinsu da ke hanyar Rido, sai wannan to ɗin ya zauna mata a ƙirji ya ƙi tashi.

Ciwo bai taɓa masa kai ba. Malam Shekari ya koyar da lissafi a wata sakandare a Sabon Tasha har kansa ya yi fari fat, kuma tun Rhoda ba ta iya ɗaura zani ba yake tare da wannan lamba, yana ji da ita yadda wani ke ji da akuyarsa mai yawan haihuwa. Akwai lambobin da a aji ake kira firam, waɗanda babu abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu. Shi sunan Turawan bai yi masa ba, ya raɗa musu gagara-rabo. Da gyaɗa ya koya wa Rhoda su, a faranti, a barandar gidan hayarsu, bayan mahaifiyarta ta rasu ta bar su su biyu. Sai ya zuba mata ƙwaya goma sha biyu ya ce ta jera su layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa. Ta jera uku-uku, ta jera huɗu-huɗu, ta jera shida-shida, duk su zauna lafiya. Sai ya ƙara ƙwaya ɗaya. Nan fa ake yin ta. Duk yadda ta juya sha ukun nan sai an sami ragowa a gefe. Idan ta gaji sai ta jefa ragowar a baki ta ce, “Ga shi ta rabu.”

“Haka sojoji ke lissafi,” in ji Malam. “Ke ba soja ba ce. Tofo min gyaɗata.”

A wurinsa lambobin nan mutane ne, kowa da gidansu. Akwai tagwaye, irin sha ɗaya da sha uku, ko sha bakwai da sha tara, waɗanda lamba ɗaya ce kawai ta shiga tsakaninsu. Akwai tilo, irin ashirin da uku, wadda ta duba dama ta duba hagu ba ta ga 'yar'uwa a kusa ba. Akwai masu fuska iri ɗaya gaba da baya, irin 131, ko ta ina ka karanto ita ce dai. Ya ce kana yin nisa cikin ƙirge suna ƙara ƙaranci, kamar gidaje idan mota ta bar gari, amma komai nisan da ka yi sai ka sake hango wani rufin, ba sa ƙarewa. Gidan da ya fi so kuwa shi ne wanda yake kira gidan ninki. Ka ɗauki ɗaya ka ninka, ka sake ninkawa, ka yi ta yi, inda ka tsaya sai ka cire ɗaya. Ninki biyu ya ba ka huɗu, ka cire ɗaya, uku. Ninki uku, takwas, ka cire ɗaya, bakwai. Ninki biyar, talatin da biyu, ka cire ɗaya, talatin da ɗaya. Yana kai nan sai ya ɗaga yatsa ya gargaɗe ta cewa ba duk ɗan gidan ne na kirki ba: ninki goma sha ɗaya yana ba da 2047, ga ta a ido mutuniyar arziki, alhali ashirin da uku na raba ta sumul.

“To ɗauki talatin da ɗayan nan,” yakan ce, murya ƙasa-ƙasa, “ki yi ninki sau adadinta, ki cire ɗaya. Abin da ya fito ita ce tawa. Biyar ta haifi talatin da ɗaya, talatin da ɗaya ta haife ta. Uwa gagara-rabo, kaka gagara-rabo. Biliyan biyu da ɗoriya, Rhoda, kuma babu mahalukin da zai jera ta layi-layi ba ragowa. Ba 'yar tagwaye ba ce: ki ƙara mata biyu, uku zai raba, ki rage biyu, biyar zai raba. Tilo ce irinki.”

Ya ce wani Bature da idanunsa suka mutu ne ya tabbatar da ita tun kafin a haifi kakan kakansu. Ya ce yanzu da na'ura an samo waɗanda suka fi ta nesa ba kusa ba, waɗanda rubuta guda ɗaya sai ya cinye littafi, amma waɗannan ba za su kwanta a kan kabarin malamin makaranta ba. Tasa kuwa daidai faɗin kabari take.

Dalilin da ya sa ya ƙi shekaru tsohon ciwo ne. A ƙauyensu, can kudancin jihar, ba wanda ya rubuta ranar da aka haife shi. Da aka kai yara makarantar mishan, hedimasta ya sa kowa ya ɗora hannun dama bisa kai ya taɓo kunnen hagu. Wanda yatsansa ya kai, shekararsa shida ke nan, a rubuta. Shekari ɗan tsurut ne mai babban kai, hannu ya ƙi kaiwa, aka kora shi gida. Ƙaninsa Sylvanus, mai dogayen hannuwa, ya taɓo kunne har da murɗa shi, aka ɗauke shi nan take. Sai da damina ta wuce, wata ta sake wucewa, sannan hannun Shekari ya kai. Ta haka a takarda ƙane ya zama wa, wa ya koma ƙane, kuma da wannan shekarar ƙarya Malam ya yi karatu, ya yi aure, ya yi aiki, ya yi ritaya. Mutumin da ke jan kunnen ɗalibi a kan kuskuren ɗigo ɗaya! Abin yana ci masa rai ƙwarai. Yakan ce ya ɗauki lambar ƙarya a ka duk rayuwarsa, ba zai kwanta a ƙarƙashinta ba. Yana son ko sau ɗaya a haɗa sunansa da lambar da gaskiya ce ko ina aka kai ta.

Rhoda ba ta gaji kan ubanta ba, ita ma ta sani. A masaƙa take aiki a Kakuri, tana tsaron injinan saƙa, inda ƙara ba ta barin mutum ya ji ko muryar kansa. A cikin wannan ƙara ce, duk shekarar da ta biyo bayan rasuwarsa, lambar ta riƙa zuwar mata. Tana tsaye ido biyu, zare na gudu a gabanta, sai ta ga farantin barandarsu ya buɗe yana faɗi, ya wuce Kakuri, ya wuce Sabon Tasha, ya haye kogin Kaduna, gyaɗa a kai har inda ido ya gaji. Matan kasuwa da 'yan acaba da makanikai duk sun bar abin da suke yi sun sunkuya suna jerawa, kowa da dabararsa. Masu yin biyu-biyu su tashi da ragowar ɗaya. Masu huɗu-huɗu su tashi da uku, masu goma-goma su tashi da bakwai, su dubi juna su sake sunkuyawa. Ba mai fushi, ba mai sauri, rana ma a tsaye take wuri guda. Can ƙarshen farantin, kusa da ragowar, Malam ke zaune a kujerarsa ta katako, alli a bayan kunne, yana murmushin nan nasa na mutumin da ya san amsa. Takan kama hanya zuwa wurinsa tana taka gyaɗa a hankali don kada ta ɓata wa mutane layi, amma ba ta taɓa isa ba. Zare ya tsinke, inji ya tsaya, foman, shugaban ma'aikata, ya daka mata tsawa. Kewarsa take yi, kewa mai nauyi, kuma ba ta da inda za ta ajiye ta sai a kan wannan alkawari.

Da shekara ta zagayo, dangi suka sa ranar simintin: Asabar ɗin da sojoji za su miƙa mulki ga farar hula, tun da ranar ba mai zuwa aiki, mutanen ƙauye ma za su iya zuwa su koma. Sylvanus, wanda Rhoda ke kira Baba Ƙarami, shi ne babba a dangi yanzu, kuma dattijo ne a coci, irin dattijon da ko tari zai yi sai ya gyara tsayuwa. Ta same shi a gida, ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi maganar lambar.

“Lamba? A kabari?” ya ce. “Rhoda, kin manta abin da muka sha da ransa? 'Yan cacar ƙwallo suna laɓewa a bayan katanga suna kwafe duk abin da ya rubuta a allo, wai Malam ya san wasannin da za su tashi canjaras. Yanzu ki kafa musu ita a siminti? Ina gaya miki, kafin wata ya mutu za ki tarar da kyandir da ƙwai a kan ubanki, sun mai da shi wurin tsafi. Suna, aya, shekaru. Haka ake yi wa kowane mai bi.”

“To, Baba Ƙarami,” ta ce, kanta a ƙasa. “A sa shekarun. Wacce za a sa ta haihuwa?”

“Wadda ke takardarsa mana.”

“Wadda ta ce kai ne wansa?”

Ya gyara zama.

“Idan ka ce a rubuta, sai a rubuta,” ta ce. “Kai ne dattijon coci. Fasto zai yi addu'a a kai, jama'a su ce amin. Ko kuwa ka faɗi ta gaskiyar, in ka san ta.”

Bai san ta ba. Babu mai rai da ya san ta. Ya daɗe yana kallon yarinyar nan da bai taɓa jin ta ɗaga murya ba, ya ga taurin kan yayansa zaune daram a fuskarta, ransa ya ɓaci. Daga ƙarshe ya ce suna da aya ba fashi, wurin shekarun kuma ta yi abin da ta ga dama.

“Amma ki ji da kyau,” ya ce. “Hannuna babu a ciki, bakina babu. Ko kallonta ba zan yi ba.”

Ranar ta zo da hadari yana ta yawo a gabas bai yanke shawara ba. Maƙabartar tana kan ɗan tudu, daga nan ana hango harshen wutar matatar mai yana lilo a sama, fari-fari saboda rana. Matan Zumunta, ƙungiyar matan cocin, sun kafa tukwane a ƙarƙashin mangwaro, maza sun kewaye rediyo ana ta jin fareti da jawabai daga Abuja. Kowa na cewa yau ƙasa ta dawo hannun masu ita. Wani tsoho ya ce shi dai ya taɓa ganin irin wannan rana a da, bai ga abin da ta haifa ba, aka yi masa ca har ya yi shiru.

Birkilan da aka ɗauko Benson ne, kuma a duk Sabon Tasha ba wanda ya kai shi iya kabari. Da ƙusa guda yake rubutu a ɗanyen siminti, ƙusar da ba ya ba kowa aro, kuma in ka ga rubutun sai ka rantse inji ne ya buga. Yana da ƙa'idar aiki wadda bai taɓa karyawa ba. Idan ya zo layin ƙasa, ba ya farawa daga hagu. Tsakiya yake aunawa da igiya, ya fara jan 'yar gajeriyar sandar nan da ke zama tsakanin haihuwa da mutuwa, sannan ya cika hagu, ya cika dama. Shi ya sa nasa ba ya karkacewa. Ya yi wa kaburbura haka har ba ya iya tuna yawansu, hannunsa ya riga kansa sanin hanya. Rhoda ba ta san wannan ba. Ita dai an ce mata gwani ne.

Ya fara shafe allon kai, inda ake rubutu, ya koma gefuna, ya bar wajen ƙafa ya zama na ƙarshe. Da simintin allon ya fara kamawa sai ya kira ta.

“Sista Rhoda, an ce babu shekaru, wai lamba ce. Ba ni.”

Ta rufe ido ta faɗa masa ɗaya bayan ɗaya, yadda Malam ke faɗa: biyu, ɗaya, huɗu, bakwai, huɗu, takwas, uku, shida, huɗu, bakwai. Ya rubuta a tafin hannunsa da biro, ya karanta mata, babu kuskure. Ya bi su da bakin ƙusa yana ƙirgawa.

“Goma cif. Kai, wannan ai ta zo da sauƙi. No wahala, Sista, je ki abinki.”

Ta so ta tsaya. Amma aka ƙwala mata kira daga wajen tukwane, motar mutanen ƙauye ta iso, gwaggwanni suna saukowa da kuka da gaisuwa, kuma 'yar mamaci ba ta isa ta ce tana zuwa ba. Ta yi ta durƙusawa tana tashi, wannan ta rungume ta, waccan ta ce ta rame. Ko da ta waiwayo, Benson ya riga ya kafa sanduna ya rufe allon da farin ƙyalle, yadda ake yi, don kada ido ya gani kafin fasto ya buɗe.

Aka ci, aka sha, aka yi waƙoƙi. Fasto ya yi wa'azi mai tsawo, ya haɗa tashin matattu da tashin ƙasa, har yara suka fara gyangyaɗi. Rhoda tana tsaye a gaba cikin ankon dangi, kunnenta na jin fasto, hankalinta kuma ya tafi. Ta ga farin ƙyallen yana numfashi a iska. Ta ga a bayansa lambar tana kwance doguwa lafiyayya, ta ga Malam ya taso daga kujerarsa da alli a hannu ya bi ta ɗaya-ɗaya, leɓensa na motsi, ya ja mata layi biyu a ƙasa yadda yake yi wa amsar da ta fita. Daɗi ya cika ta har ta ji kunya, ranar kabari mutum yana murmushi. Fasto ya miƙa hannu bisa allon, ya keɓe shi da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, jama'a suka ce amin. Sannan ya yaye ƙyallen.

Suna ya fita. Aya ta fita. A ƙasa, cikin rubutu mai kyan gaske, ga abin da aka sa:

21474 – 83647

Kowa ya shiga lissafi a zuci. Sai wani daga baya ya ce, “Kai! Ashe Malam ya daɗe a duniya.” Wani ya ce ai ko an haɗa duk tsofaffin Littafi Mai Tsarki ba su kamo shi ba. Dariya ta ɓarke, ta mutanen da suka gaji da tsayuwa, ba ta mugunta ba, har fasto sai da ya rufe baki da hankici.

Rhoda ba ta yi dariya ba. Lambar Malam ba ta wurin. Waɗansu baƙi biyu ne zaune a mazauninta, kuma ta hagun da huɗu ta ƙare, ko ɗan aji ɗaya zai raba ta biyu ya tafi wasa. Mutumin da ya roƙi abu guda, ga shi an sake ba shi shekarar haihuwar da ba tasa ba, kuma daga bakin 'yarsa aka karɓe ta.

“Oga Benson,” ta ce, “me ka yi? Wa ya ce ka yanka ta?”

Benson ya matso yana goge hannu a wando, mamaki na gaskiya a fuskarsa. “Sista, ban canja ko ɗaya ba. Duba hannuna. Biyar nan, biyar nan, ga sanda a tsakiya. Ai haka layin ƙasa yake. Kin taɓa ganin kabari ba sanda?”

“Goge ta.”

“Ya riga ya kama, Sista. Ko na kankare, giɓin yana nan. Sai dai a farfashe allon a sake, siminti kuma ya ƙare, yau ko'ina a rufe.”

“Ba mai fasa komai,” in ji Baba Ƙarami. Ya matso, idonsa a kan Rhoda, bai dubi allon ba. “An yi addu'a a kai. Abin da aka keɓe ba a sa masa guduma, ba yau ba, ba gobe ba. Na gaya miki tun farko ki bar maganar nan. Ki yi haƙuri, ki bar ubanki ya huta.”

Iska ta taso, hadarin da ya yini yana shawara ya yanke. Jama'a suka watse wajen kwashe tukwane da kujeru, mai rediyo ya cusa ta cikin riga. Gwaggwanni suka ja hannun Rhoda, ta zame. Ta zagaya kabarin tana shafa shi da tafin hannu kamar mai neman zazzaɓi a jikin yaro. Allon kai ya kama. Gefuna sun kama. Sai can wajen ƙafa, wani siririn baki da Benson ya shafe a ƙarshe, inda inuwar mangwaro ta yini, ta danna yatsa ta ji ya ɗan amsa.

“Nan ba a yi addu'a ba,” ta ce, ba ta ma san wa take gaya wa ba. “Allon kai fasto ya miƙa wa hannu.” Ta juya wajen Benson. “Ba ni ƙusar.”

Ya dube ta, ya dubi allonsa mai kyau, ya sa mata ƙusar a hannu.

Ta durƙusa a ƙasa da ankonta. Ba ta auna komai ba, daga hagu ta fara. Biyu ta shiga da sauƙi, ɗaya ma haka. Rubutunta ba shi da kyau, huɗun ta karkace ta jingina da bakwai, amma dai suna manne da juna. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo mata a wuya. Tana matsawa dama simintin yana ƙara tauri, don can inuwar ba ta kai sosai ba. Takwas sai da ta bi ta ta sake bi, uku da shida ta danne da hannu biyu, huɗun ƙarshe kuwa da ƙyar ta fito, kamar karcen kaza. Ta zo kan bakwai. Ƙusa ta zame. Ta sake kafawa, ta zame, ta yanke ta a yatsa. Nan simintin ya riga ya kama.

Ta tsaya tana kallon abin da ta rubuta. Tara ne, saura ɗaya, kuma da huɗu ya ƙare. In aka bar shi haka, ƙarya biyu ke nan a kabari ɗaya, ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa, ta ƙafar kuma da hannunta ta yi ta. Nan ne kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata. Tana kuka tana caccakar simintin, ƙusa tana tsalle.

Wani ya zo ya tsaya a kanta. Ta ga baƙin takalmi mai sheƙi, da bakin farin kaftani da ruwa ya fara jiƙawa. Baba Ƙarami ne, da gudumar Benson a hannu. Ta ɗauka ƙwace ƙusar zai yi, ta damƙe ta a ƙirji.

“Saura me?” ya ce.

“Bakwai.”

“In babu ita fa?”

“Ba tasa ba ce, Baba Ƙarami. Kowa zai iya raba ta.”

Ya ja dogon numfashi. Ya dubi sama, ya dubi hanyar da jama'a suka bi, sannan dattijon coci, da farin kaftaninsa na zuwa taro, ya sa gwiwa biyu a laka.

“Riƙe ƙusar daidai,” ya ce. “Kawar da yatsanki. Ke ki nuna hanya, ni in buga.”

Ta kafa, ya buga. Ta matsa kaɗan, ya buga. Huji bayan huji suka ja kan bakwai ɗin, suka gangaro da ƙafarta, ruwa yana wanke garin simintin yana cika ramukan. Benson ya ɗauko buhun siminti wofi ya riƙe a kansu. Da aka yi bugun ƙarshe Rhoda ta share wurin da gefen zaninta, ta karanta a fili daga farko har ƙarshe, ba ta tsaya a tsakiya ba. Goma ne. Bakwai ɗin ta fi sauran zurfi.

Baba Ƙarami bai tashi ba. Ya zauna dirshan a lakar, guduma a cinya, yana kallon karkataccen layin nan da ba mai ganinsa sai wanda ya sunkuya.

“To, gaya mini,” ya ce, “tun da ga ta nan. Me ake yi da ita?”

“Ba a yin komai da ita, Baba Ƙarami. Tana nan ne kawai.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Ranar jana'iza shi ne ya tsaya a bakin rami yana ba mutane haƙuri, ido a bushe, har ana yaba ƙarfin bangaskiyarsa. Yanzu sai ya ɗora tafin hannu a kan simintin, kafaɗunsa suka fara rawa, ya saki kuka mai sauti, irin na tsohon da ya manta yadda ake yi. Rhoda ta zare gudumar daga cinyarsa ta miƙa wa Benson, ta zauna kusa da shi, suka bar ruwan ya yi ta dukansu.